Ragar gashi ta kwarashi ba ta 'yan gayu kaɗai ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan alheri.

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan ragar gashi, net ɗin nan da ake saƙawa da kwarashi, dan na ga wasu 'yan mata sun fara sawa suna ɗauka sabon yayi ne alhali abin ya daɗe sosai. A Denmark an tono kaburburan da suka haura shekara 3,000 an samu mata da raga a gashinsu, duk da ba da kwarashi aka yi waɗancan ba, shi kwarashi sai wajajen 1820 ya fara bazuwa a Turai. Matan Ingila ma sun yi yayinta a shekarun 1860.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Maza sun tafi fagen daga, mata suka cika masana'antu a Ingila da Amurka suna ƙera makamai da jiragen sama, inji kuwa in ya kama gashi ba ya saki har sai ya ɗaye fatar kai, to nan fa raga ta zama kayan aiki. Zare kaɗan take ci, ga shi a Ingila tun 1941 tufafi sai da katin rabo na gwamnati ake saye, sai mace ta zauna da dare ta saƙa abarta. A Amurka har roƙon 'yar fim Veronica Lake aka yi ta ɗaure gashinta saboda ma'aikata na kwaikwayonta.

To mu fa? Masu tuwon sayarwa, masu ƙosai, matan da ke tsaye gaban injin markaɗe bel na juyawa ga bakin ɗankwali na reto, wallahi abin na tada min hankali. Net ɗin kanti kuma in an sa sau biyu ya yage.

Mu masu saƙa kam mun maƙale a hula da safar jarirai, ciniki sai sanyi ya shigo. Ina roƙon cibiyoyin koyar da sana'a su sa wannan ragar cikin abin da suke koyarwa, amma da zaren auduga dan Allah, ulu zafi gare shi, a watan Afrilu ba wadda za ta iya jure shi a ƙarƙashin hijabi.

Na gode.
Wata mai saƙa, daga Zariya