Godiya ga ofishin taimakon baƙi na tashar Kagoshima-Chuo

Salamu alaikum jama'a. Ku kuma ma'aikatan ofishin nan, na san ba Hausa kuke ji ba, amma so nake 'yan uwana su ji abin da kuka yi wa mahaifiyata.

Karatu nake a Fukuoka ta ƙasar Japan, Hajiya ta zo duba ni, ta kafe ita dai sai ta ga Sakurajima, dutsen nan mai aman wuta da nake tura mata hotonsa a WhatsApp. Muka hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun tsiya, daga tashar Hakata ta Fukuoka, wajen awa ɗaya da rabi sai ga mu a Kagoshima. To Hajiya na fama da ciwon gwiwa, da sanda take tafiya, ni kuma na cika takarda da wuraren da zan kai ta duk a yini ɗaya.

Matar da muka tarar a ofishinku kafin ta duba takardar tawa sandar Hajiya ta fara kalla. Ta nuna mata wurin zama, sannan ta ɗauko taswira da jan biro ta shiga rage min buri cikin ladabi. Ta ce ƙofar wurin bautar nan ta Kurokami, wadda toka ta binne a aman 1914 har saman ta kawai ake gani, tana can ɗaya gefen dutsen kuma motar zuwa can ba ta da yawa, mu bar ta. Wallahi a lokacin ban ji daɗi ba, amma ita ce da gaskiya. Ta ce mu sayi tikitin yini da ake kira CUTE, da shi ake hawa taragon da ke bin titi da bas da jirgin fito zuwa Sakurajima har da bas ɗin Island View mai zagayawa da baƙi a can, ba sai muna ta laluben canji ba. Ta kuma zana mana bas ɗin da ke tsayawa a bakin tashar jirgin ruwa, don in tarago muka bi akwai 'yar tafiyar ƙasa, ta ƙara da cewa ta ƙofar baya ake shiga a fita ta gaba wajen direba.

Sai maganar toka, ta duba inda iska ta nufa ranar ta ce mu riƙe laima da takunkumi. Muna tsakiyar ruwa, fiton ma minti 15 ne kacal, dutsen ya tura hayaƙi sama, Hajiya ta damƙe hannuna tana salati, mutanen gari kuwa taliyarsu kawai suke ci a cikin jirgin. Da muka sauka tokar ta ɗan zubo, baƙa-baƙa mai tsakuwa, ta fi ƙurar hunturu kaushi, kana jin ta a haƙori. A bakin hanya muka ga jakunkunan leda ruwan ɗorawa da hukuma ke raba wa mutane su share tokar gidajensu su zuba.

Inda ta yi wa da'ira biyu a taswirar shi ne wurin jiƙa ƙafa na Nagisa, kusa da tashar jirgin ruwa, ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa tsawon kusan mita 100 kuma kyauta. Hajiya ta tsoma ƙafafu tana kallon teku ta kusa awa guda, ta ce rabon da gwiwarta ta sake haka tun kafin azumi. Daga nan bas ya hau da mu Yunohira, wurin hange mai tsayin mita 373, iyakar inda ake barin mutane su kai, ga dutsen a gabanka ga birnin a tsallaken ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni, da ta ga hijabin Hajiya ita da kanta ta gaya mana garin ya shahara da naman baƙin alade, ta rubuta mana a 'yar takarda da Japananci cewa ba ma cin alade kuma kada a sa giya a girki. Da takardar muka ci gasasshen kifi da shinkafa a unguwar Tenmonkan hankali kwance.

Da yamma mun dawo yi mata godiya muka tarar ta tashi aiki. Don Allah ku isar mata, Hajiya ta ce Allah ya yi mata albarka ya ba ta masu jin ƙanta ranar da ta tsufa. Takardar nan tana cikin jakar Hajiya, ta tafi da ita gida.