Amsa ga mai tambaya kan dokin da alƙalai suka soke

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyo na ranar Asabar ka tambaye ni ko adalci ne dokinka ya shigo na farko a filin Vincennes na Faransa, alƙalai su soke shi, kai kuma a nan Yamai tikitinka na PMU, wato cacar tseren dawaki, ya koma takardar ƙunshe gyaɗa. Hukuncin caca a addini malamai sun riga sun faɗa, kuma ba shi ka tambaye ni ba.

A kan wannan dai ban goyi bayanka ba. Tseren Vincennes na sassarfa ne, dokin da ya ɓalle da sukuwa kuwa ya samu tazarar da ba haƙƙinsa ba. Takardar shirin tsere da ake sayarwa a bakin rumfunan LONANI, kamfanin caca na ƙasar Nijar, tana sa harafin D a tarihin duk dokin da aka soke a tserensa na baya-bayan nan, saboda haka wanda ya ga D biyu a jere, ya kuma zuba jika guda, ya san abin da ya saya. Kuɗin ma wuri guda ake tara su, kamfani ya cire kasonsa, a raba saura ga waɗanda suka dace. Da an bar dokinka, maƙwabcinka da ya zaɓi doki mai bin ƙa'ida shi za a cuta.

Inda nake ganin zalunci shi ne hukuncin da ke zuwa bayan an gama biya. A watan Mayun 2021 wani doki mai suna Medina Spirit ya lashe babban tseren Kentucky Derby a Amurka, gwaji ya nuna maganin betamethasone, wanda aka hana a ranar tsere, a jininsa, amma sai a Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun, dokin da ya zo na biyu. Masu Mandaloun sun samu kambun da ladan na farko, amma talakan da ya zuba kuɗinsa a kan Mandaloun zai zo na farko bai ga ko dala ba, domin da zarar an tabbatar da sakamako an biya, ba a sake buɗe lissafi. Na san ba za a bi mutane gida-gida a karɓe abin da suka riga suka kashe ba. To amma tunda aljihun masu zubi ne ke ciyar da harkar, kamata ya yi a riƙa gwada dawakin manyan tsere kafin su fita fili, a kuma ware wani kaso daga tarar da ake cin masu horarwa domin biyan wanda ya adana tikitinsa.

Naka,
wani mai bin labarin tsere, Yamai