A yanke magana kafin yaro ya fara aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarku mai albarka in yi magana a kan yaranmu 'yan shekara 16, 17 da suke fita neman aikin wucin gadi. Ni malamin sakandare ne a nan Kano, kuma duk shekara da an gama WAEC da NECO haka za ka ga ɗalibai suna ta zarya suna tambaya ko mun san inda ake neman yaro, domin kafin sakamako ya fito a samu gurbin karatu wani sai ya yi wata da watanni a gida, wani ma shekara guda cur. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 uba da ƙyar yake iya cefane balle ya miƙa wa saurayi kuɗin data da na aski. To yaro ya ce zai nemi na kansa maimakon zaman kashe wando a bakin layi, wallahi ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Abin da nake fara gaya musu shi ne su daina wahalar da kansu da bidiyon intanet na yadda ake tsara CV. Alhajin da ke da shago a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ko mai gyaran waya a Farm Centre, ba takarda zai tambaye ka ba. Ɗan waye kai, a wace unguwa kake, wa zai tsaya maka, shikenan intabiyun. Don haka neman daga gida yake farawa, ka gaya wa babanka, ka gaya wa kawunka da yayanka da limamin masallacinku cewa kana neman abin yi. In za ka je, ka je da safe kafin kasuwa ta cika, kayanka a wanke, ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi lokacin da kake da shi da abin da ka iya, ko da lissafi ne da rubuta rasit. Wuraren da suke son takarda irin su manyan kantuna da gidajen mai da makarantun kuɗi masu ɗaukar 'yan mata su kula da 'yan nazire, gajeriyar wasiƙa ta isa, sai fasfo da kwafin takardar gama makaranta da na NIN, wanda dama duk mai rubuta JAMB yana da shi tun 2021. Kwafi fa na ce, kar ka bar wa kowa ta ainihin. Sannan duk tallan aikin da ka gani a Facebook ko WhatsApp aka ce sai ka fara tura kuɗin fom ko ka karanto lambar da ta shigo wayarka, damfara ce. Yarinya kuwa ko kusa kada ta je intabiyu ita kaɗai a gidan wani ko a otal.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu manya muke miƙa yaran. Uba zai riƙo hannun ɗansa ya kai shi, a gaisa, ya ce Alhaji ga yaronka nan na ba ka amana, shi kuma ya ce haba ba komai ai ɗana ne, a yi addu'a a shafa a watse. Nawa za a ba shi? Ba a faɗa ba. Ƙarfe nawa zai tashi? Ba a faɗa ba. Uban yana jin nauyin ya yi zancen kuɗi kar a ce ya zo sayar da ɗa, yaron kuma bai isa ya buɗe baki a gaban manya ba, sai wata ya ƙare a miƙo masa ɗan abin sabulu, wani watan ma a manta, in ya yi ƙorafi a ce yaran zamani ba su da haƙuri idonsu na kan kuɗi.

Akwai wani ɗalibina mai hankalin gaske da aka kai shi zaman POS a bakin titi, irin 'yar rumfar nan mai lema da benci. Ranar wata Juma'a da yamma mutane sun yi masa yawa, wani ya nuna masa waya ya ce ga shi na tura, yaro ya ga hoton alat ya ƙirga kuɗi ya ba shi, ashe na bogi ne. Da dare aka yi lissafi aka ga giɓi wanda ya fi abin da yake samu a wata. Maigidan ya riƙe kuɗinsa gaba ɗaya ya kore shi, kuma abin da ya fi ciwo, magana ta zaga unguwa cewa ya yi sata. Da ya zo wurina ko kallon idona ya kasa yi. Ba wanda ya taɓa koya masa cewa sai ya ga kuɗi sun shigo a na'urarsa, ba a wayar kwastoma ba, ba kuma wanda ya ce masa in aka yi asara kai za ka biya.

Shi ya sa nake roƙon iyaye, ranar da kuka kai yaro ku cire kunya ku tambaya. Da farko ma a bambance, koyon sana'a ya zo ko aikin biya? Domin abu biyu ne daban kuma a nan ake yawan cin zalin yara. In koyo ne kamar ɗinki ko kanikanci ko gyaran waya, kowa ya san ba albashi sai ɗan na abinci, amma to a koya masa ɗin da gaske, ba ya shekara yana shara da sayo wa oga abinci bai taɓa riƙe almakashi ba. In kuma aiki ne a yanka masa, kullum ne ko sati ko wata, da abinci da kuɗin mota ko babu, yaushe ake buɗewa yaushe ake rufewa, zai samu zuwa Islamiyya ko lesin, in an samu giɓi yaya za a yi. A rubuta a takarda ko da fallen littafin makaranta ne, mutum biyu su sa hannu. Wannan ba rashin yarda ba ne. Malamanmu sun karantar da mu a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, cewa dole ladan aiki ya zama sananne tun farko, ga hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Wani zai ce ai akwai doka. E akwai. Sashe na 59 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ce yaron da bai kai 16 ba kada ya wuce awa 8 yana aiki a rana, kada kuma ya yi sama da awa 4 a jere, wanda bai kai 14 ba kuwa sai dai aikin biyan kullum kuma ya koma gidan iyayensa ya kwana. Amma masu shago nawa ne suka taɓa jin wannan? Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 shi ma bai shafi mai aikin 'yan awanni (part-time) ba, bai kuma shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk inda yaranmu suke zuwa kenan. Ka ga ba abin da yaron zai riƙe sai maganar da aka yanke a gaban ubansa.

Ba ina cewa iyayen gida ne kullum da laifi ba. Akwai yaran da za a bar musu shago su duƙufa kan waya kwastoma na tsaye, akwai masu ɗan hali, kuma na san 'yan kasuwa da yawa da suka riƙe yara da mutunci har suka buɗe musu nasu shagon. Takardar nan su ma kariya ce a gare su. Wanda yake aji 4 ko 5 a sakandare kuma a tsaya a kan Asabar da Lahadi da lokacin hutu, don na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ɗanɗana kuɗi ya fara gyangyaɗi a aji, kafin zangon ya ƙare kujerarsa ta zama wayam.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu su buga 'yar takardar yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa, mai gurbin suna da lada da lokacin aiki da sunan wanda ya tsaya wa yaro, a ajiye a ofishin kowace kasuwa. Ku ma Edita in za ku buga samfurinta a jaridarku kafin a gama jarabawar bana, iyaye za su iya ɗauka a waya su tafi da ita.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare, Kano