Barka da Sallah daga Newcastle, kuma Mista Bin yana nan da ransa

Zuwa ga Baba da Umma da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya karɓi layya, ya maimaita mana. Baba, an sauko Idi lafiya? Ya ƙafar, da sauƙi dai ko? Yaya ya turo mini hoton ragon tun daren jajibere, tubarkalla, Allah ya sa albarka.

Mu a nan a wani babban zaure da aka kama haya muka yi Idi, kashi biyu, saboda masallacin ba zai ɗauke mu ba. 'Yan Pakistan, Bangaladash, Sudan, Somaliya, sai mu 'yan tsiraru da muka gane juna ta hula. Layya kuwa ba a yin ta a ƙofar gida, doka ta ce sai a mayanka. Kuɗi ake ba mahauci, bayan kwana biyu ko uku nama ya iso a leda an daddatsa shi, ba kai, ba ƙafa, balle fata. Umma, na ji kin ce za ki ba wani mai tahowa soyayyen nama ya kawo mini. Don Allah kada ki wahalar da kanki, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan daga wajenmu, a filin jirgi za a karɓe.

Abin da ya sa na zauna na rubuta doguwar takarda maimakon saƙon murya, magana ce biyu da suka zo mini a mako ɗaya. Ta farko, saƙon da Gwaggo ta tura a WhatsApp na gida cewa Mista Bin ya rasu a haɗarin mota. A faɗa mata ta kwantar da hankalinta, ƙarya ce, kuma ba yau aka fara kashe wannan bawan Allah a intanet ba. Yana nan, ya haura shekara 70. Ta biyu, Umma ta gaya mini Auta ya daina tashi karatu a aji saboda yara na yi masa dariyar in'ina, kuma Baba ya yi masa faɗa da ya tarar da shi a zaure ya tara sa'o'insa yana kwaikwayon Mista Bin. An ce Baba ya ce a rasa wanda za a kwaikwaya sai wawa. Baba, ku yi mini haƙuri, ina so in ba ku labarin wawan nan, domin garin da nake zaune garinsu ne, kusan a ce.

Sunansa Rowan Atkinson. An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1955, a Consett, wani ƙaramin gari da bas ke kai mutum daga nan Newcastle. Gari ne da ya rayu da masana'antar ƙarfe har aka rufe ta a 1980, kuma tsofaffin yankin har yau in suna zancen, sai ka ji kamar rasuwa suke tunawa. Mahaifinsa manomi ne mai rufin asiri, shi kuma shi ne autan maza huɗu. Ya yi makarantar yara a Durham lokaci ɗaya da Tony Blair, wanda ya zama Firaminista daga baya. Digirinsa na farko a Jami'ar Newcastle ya yi shi, a fannin injiniyan lantarki, ina wuce ƙofar jami'ar in zan tafi aiki. Daga nan ya tafi Oxford a 1975 ya yi digiri na biyu a kan lantarkin dai. Wato wanda muke gani yana cusa kansa cikin talo-talo injiniya ne mai digiri biyu.

Kuma yana da in'ina. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tana zuwa tana tafiya, amma da zarar ya shiga rigar wani mutum a wasa, sai ta sake shi. A nan ne nake so Baba ya tsaya ya duba. Ko kun lura Auta ba ya sarƙewa in yana kwaikwayon muryar mai shelar unguwa, ko in yana rera karatu a Islamiyya? Sai an tsayar da shi an ce shi, shi kansa, ya yi magana kowa na kallo, sannan harshen ke ɗaurewa.

Wani abin da ya ba ni mamaki da na zo: Turawan nan, musamman manya, ba da Mista Bin suka fara saninsa ba. Sun san shi da kaifin baki. Ya fara fitowa a wani shirin barkwanci na BBC a 1979, sannan daga 1983 zuwa 1989 ya yi Blackadder, inda yake fitowa a mutum mai wayo, mai baƙar magana, wanda in ya zagi yaronsa sai ka yi minti ɗaya kafin ka gane zurfin zagin. Kowane kashi na shirin an ajiye shi a wani zamani na tarihin Ingila. Da abokinsa Richard Curtis, wanda suka haɗu tun a Oxford, suka fara rubuta shi.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wani dattijo da ya manta sunan 'yarsa, sai ta zo ta zauna ya riƙa tambayarta wa take nema. Amma in aka sa Blackadder, yana riga 'yan wasan faɗin maganar, leɓensa na motsi, yana bubbuga hannun kujera. Wata yamma aka sa kashi na ƙarshe, wanda aka ajiye a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk tsawon shirin sojoji ne a rami suna ta dabarar yadda za su zille wa fita fagen daga, ana ta dariya. A ƙarshe dabara ta ƙare, aka busa usur, suka haura ramin suka nufi bakin bindiga, hoton ya rikiɗe ya zama fili cike da jajayen furanni. Ina riƙe da farantin shayi na ga falon ya yi tsit, wata tsohuwa na share ido da gefen bargonta. Ban taɓa zaton mai barkwanci zai iya yi wa mutane haka ba.

Mista Bin sai a ranar 1 ga Janairu, 1990, ya fara fita a talabijin, ya ƙare a 1995. Kashi 15 ne kacal. Ni da na ɗauka sun fi ɗari, saboda yadda muka riƙa maimaita kaset ɗin nan a ɗakin Yaya har ya fara cin zare. Kafin ya kai shi talabijin, ya gwada shi a wani bikin barkwanci a Kanada a gaban masu jin Faransanci, da gangan, don ya ga ko mutanen da ba su jin yarensa za su yi dariya. Suka yi. Shi ya sa Hajiya Kaka, Allah ya jiƙanta, da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, take dariya har sai ta riƙe ciki in ya sa kwaɗo ya kulle ƙofar 'yar koriyar motarsa, ya cire sitiyari ya tafi da shi. Marigayi Ibro da baki yake kashe mu da dariya, sai mai jin Hausa. Wannan kuwa da gira da kafaɗa ya ci kasuwar duniya.

Ku tuna kashi na farko, na ɗakin jarrabawa. Ya jera alƙaluma a tebur, ya buɗe ambulan, ya ga tambayoyin ba daga abin da ya karanta ba ne. Ya yi ta leƙen takardar maƙwabcinsa, ya hura ta, ya shiga ƙarƙashin tebur. Sai ana saura minti biyu a tashi ya gano ashe takarda biyu ce a ambulan ɗin, kuma ta biyun ita ce wadda ya karanta. Duk wannan kusan ba magana. Kowane motsi an auna shi, an maimaita, an san daƙiƙar da ido zai juya. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da tsanani a kan aiki, kuma shi kansa ya ce yin Mista Bin gajiyar da shi yake, ba nishaɗi ba ne a wurinsa. A waje mutum ne mai kunya, ba ya son hira da 'yan jarida.

Sauran ayyukansa Auta ya fi ni sani. Shi ne muryar cilakowar nan Zazu a The Lion King na 1994. Fim ɗin Mista Bin na farko ya fito a 1997, na biyu a 2007, sai Johnny English, ɗan leƙen asirin da komai ya taɓa sai ya ɓata, a 2003 da 2011 da 2018. A ganina finafinan ba su kai gajerun shirye-shiryen ba; in aka ja wauta ta kai awa ɗaya da rabi sai ta yi salam. A bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012 an zaunar da shi cikin manyan makaɗa, aikinsa danna maɓalli ɗaya tal na fiyano, ya gaji ya koma dannawa da lema, duniya na kallo. A 2013 Sarauniya ta ba shi lambar girma. A 2016 kuma ya fito a wani shiri a matsayin Maigret, ɗan sandan ciki na Faransa mai nutsuwa, ba dariya ko ɗaya.

Maganar haɗarin mota da Gwaggo ta gani ma tana da tushe, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Mayen motoci ne, har lasin tuƙa babbar mota gare shi. A 2011 ya yi haɗari da wata motarsa ta tsere, McLaren, ya ji ciwo a kafaɗa, gyaran motar ya haura fam dubu 900. Ya tashi, ya ci gaba da aikinsa.

Ba cewa nake Auta ya bar boko ya kama wasa ba, Baba. Ni ma ba zan yarda ba, kuma wanda yake kwaikwayon ma sai da ya gama digirinsa. Roƙona shi ne a bar masa zauren nan da yamma in ya gama aikin gida, domin nan ne kaɗai yake buɗe baki a gaban mutane ba tsoro. In yana magana a gida kuma a jira shi ya ƙarasa, kada a ƙarasa masa, kada a ce ya yi sauri. Yaya, da kai nake. A nan akwai masu aikin gyaran magana a asibiti, na tambayi wata da ke zuwa wurin aikinmu, wannan ne abu na farko da ta faɗa mini. Zan so Yaya ya bincika ko akwai irin su a asibitin koyarwa, ni zan ɗauki nauyin kuɗin. Sannan wani ya je makarantar ya sami malamin ajinsu cikin mutunci.

Na turo saƙo ta asusun Yaya. A cire na maganin Baba tukuna, a ba Umma nata, a ba Gwaggo da Kawu goron Sallah, sauran a raba wa yara kafin su tafi kallon hawa. A gaishe mini da Malam Liman, da maƙwabta, da duk wanda ya tambaye ni. Auta ya riƙe wayar Umma ranar Lahadi bayan La'asar, ba ni da aiki ranar, zan kira, kuma ya shirya ya yi mini mai shelar unguwar nan.

Ku sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku