Dan Allah ku riƙa buga mana lokutan da tashar sararin samaniya ke wucewa ta saman Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya kuma ɗaukaka jaridar nan tamu.

Ina neman ɗan fili ne akan wata magana da ta daɗe tana cin raina. Duk sanda wani haske ya gitta sama bayan magariba yana tafiya a hankali ba ƙara ba ƙyaftawa, kafin a yi isha'i bidiyonsa ya zagaye wayoyin mutanen zango tun daga Aboabo har Asawase da Sawaba, wannan ya ce mayu ne, wancan ya ce jirgin leƙen asiri ne, wata baiwar Allah ta ce a shigar da yara ɗaki. Su waɗannan ban cika ganin laifinsu ba don ba wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani. Waɗanda suka fi damuna wallahi su ne samarinmu da suka yi boko, wasu har da digiri, da za ka ji suna rantsuwa a majalisa wai duk zancen 'yan sama jannati ƙarya ce, Turawa ne ke haɗa hotunan a kwamfuta, ba wani mahaluki da ke zaune a sama. Alhali abin nan yana bi ta kan rufin gidajensu kuma da madubin hangen nesa na gida ana iya ɗaukar hotonsa har a ga siffarsa.

Mafi yawan lokaci hasken nan mai ƙarfi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda ake kira ISS. An harba ɓangarenta na farko mai suna Zarya a watan Nuwamban 1998, kuma tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barinta ba mutum a ciki ba, galibi mutum bakwai ne suke zaune suna aiki. Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai suka haɗa hannu suka gina ta. Tana shawagi a nisan wajen kilomita 400 daga ƙasa, gudunta ya kai kilomita 28,000 a awa ɗaya, shi ya sa cikin minti 90 da ɗoriya ta gama zagaye duniya, a rana tana yi kusan sau 16. Tsawonta mita 109. In kana so ka gane wahalar da mai ɗaukar hotonta ke sha, ka ɗauka filin ƙwallo na Baba Yara aka ɗaga aka kai nisan Tamale kai kuma kana tsaye a kasuwar Kejetia nan Kumasi kana so ka ɗauko shi a kyamara yana cikin wannan gudun. Wani abu da ya burge ni kuma, agogon da suke aiki da shi a can shi ne GMT, wato daidai da agogon Gana, in ƙarfe bakwai ta buga a Kumasi su ma bakwai ce a wurinsu.

Ba fitilar tashar muke gani ba, hasken rana ne ke dukan jikinta da farantan solarta ya dawo mana. Shi ya sa ba a cika ganinta da tsakar dare ba sai bayan magariba ko kafin asuba ta waye, lokacin da mu nan ƙasa duhu ya rufe mu amma ita da take can sama rana na haska ta har yanzu. Jirgin sama yana da fitila ja da kore da wasu masu ƙyaftawa kuma za ka ji ƙugi, ita kuwa haske ne fari tsayayye, wani lokaci ya kusa kai na Zara, ta ɗauki minti huɗu zuwa shida ta ratsa sama, wani zubin kuma tana tsakiyar tafiya sai ka ga ta dusashe ta ɓace ɗif, to nan ne ta shiga inuwar duniya. Wannan ɓacewar ita ta fi tsorata mutane.

To yanzu ga masu cewa ƙarya ce. Ni ba zan ce ku yarda da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ba, ku bar NASA ɗin gefe guda. Akwai mutane a duniya da ba ma'aikatan hukumar sararin samaniyar kowace ƙasa ba ne, sha'awa ce kawai da kuɗin aljihunsu, suna tsayawa a tsakar gidajensu suna ɗaukar hoton tashar nan. Akwai Bafaranshe Thierry Legault wanda a watan Mayun 2009 ya ɗauki kumbon Atlantis tare da Hubble, madubin hangen nesan nan da ke shawagi a sararin samaniya, suna gitta fuskar rana, gittawar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Akwai Ralf Vandebergh ɗan ƙasar Holan da ya yi suna wajen bin tashar da hannunsa, madubi mai faɗin inci 10 yake turawa ba inji ba. Sannan a Maris 2022 Bajamushe Sebastian Voltmer ya ɗauki hoton tashar daidai lokacin da 'yan sama jannati Matthias Maurer da Raja Chari suke wajen tashar suna gyara, daga garin Sankt Wendel ya ɗauka wanda kuma shi ne garinsu Maurer ɗin, a hoton ana ganin mutanen 'yan ɗigo-ɗigo a jikin ƙarfen. Duk wanda ke shakka hanyar a buɗe take, ya samo madubi ya duba da idonsa.

Kuma ba sai an je Turai ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a nan Kumasi ya samu wani madubi na gwanjo irin wanda ake girkewa a ƙasa akan akwatin katako ana juya shi da hannu, faɗin bakinsa inci 8, ni nake raka shi saman benen wani maƙwabcinmu. Tun la'asar sakaliya yake fara shiri. Zai buɗe manhaja a waya ya ga ta ina za ta ɓullo, ta ina za ta faɗa, minti nawa, kuma digiri nawa za ta hau, in ba ta wuce digiri 60 ba cewa yake kawu yau kallo kawai za mu yi don tana nesa hoton ba zai fito ba. Sai ya fitar da madubin waje da wuri ya sha iska don in gilashin na ɗauke da zafin ɗaki hoton rawa yake. Da taurari sun fara fitowa sai ya saita ɗan ƙaramin madubin da ke gefe da babban akan tauraro guda, ya murɗa har tauraron ya zama ɗigo ƙarami tsaf, ya ɗaure kyamara a mazaunin ido, ya sa ƙiftawarta ta yi sauri sosai kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka, in ba haka ba abin da za ka samu farin zane ne kawai.

Da ta ɓullo ba mai magana. Ni ke riƙe da wayar ina faɗa masa ga ta nan ta arewa maso yamma, shi kuma ya danna bidiyo ya durƙusa, ido ɗaya a ƙaramin madubin hannu biyu a bututun yana turawa. Da farko tana tafiya a hankali har ka ce abin sauƙi ne, amma tana zuwa saitin kai sai ta zabura, a nan a daƙiƙa ɗaya tana cin faɗin wata biyu, yaron nan yana murɗa wuya yana ja da baya da gwiwa gumi na zuba, ta kuɓuce masa ya sake kamo ta ta sake kuɓucewa. Bayan ta wuce sai a sauka a zauna gaban laftop. Bidiyon dubban hotuna ne a jere kuma kusan dukkansu baƙi ƙirin ba komai, sai an yi ta tacewa kafin a tsinci 'yan kaɗan da ta faɗo ciki, cikin 'yan kaɗan ɗin ma wasu iska ta murɗe su. Amma wanda ya fito, Malam Edita, za ka ga farin jiki a tsakiya da dogon ƙarfe ya gitta shi, ga farantan sola jere gefe da gefe launinsu ja-ja kamar tagulla. Ƙarami ne, dishi-dishi ne, amma ba mai kallonsa ya ce tauraro ne ko jirgi. Wani dattijo da ke sallah a masallacinmu da aka nuna masa sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar ya ce yaro sake nuna min, sannan ya ce ikon Allah, yanzu akwai bil'adama cikin wannan abu.

Ba na ɓoye cewa garinmu na da nasa matsalolin. Daga Afrilu zuwa Yuli hadari ne da gajimare, sai ka gama shiri tsaf sama ta rufe, watan Agusta ma sau da yawa haka sama ke wuni a lulluɓe, in hunturu ya shigo kuma daga Disamba hazo ya hana ka ganin komai a ƙasa-ƙasa. Ga shi kusa muke da tsakiyar duniya duhu na saurin rufewa, don haka damar ba ta da tsawo kamar ta mutanen Turai. Amma fitilun gari ba sa hana ganin ISS don haskenta ya fi ƙarfinsu, kuma zamanmu a nan yana da riba, Hubble da aka harba a 1990 hanyarsa ba ta nisa da tsakiyar duniya sosai, mutumin Ingila ko Jamus ba ya samunsa a saman kansa mu kuwa yana bi ta kanmu. Haka tashar China mai suna Tiangong da aka fara harhaɗawa a 2021 aka kammala a 2022, ita ma tana wucewa ana ganinta da ido.

Gargaɗi ɗaya dole in yi saboda yara masu karambani da za su ji labarin Legault. Kada kowa ya kuskura ya juya madubin hangen nesa ko tabaran hange wajen rana ba tare da matacin da aka ƙera musamman don haka an rufe bakin madubin da shi ba, ido na ƙonewa nan take kuma ba ya dawowa. Baƙin tabarau na kwalliya ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba sa karewa. Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 da Accra da Cape Coast suka yi duhu da hantsi za su tuna yadda aka yi ta jan kunne a rediyo, to haɗarin madubi ya ninka na kallo da ido.

Abin da ke min ciwo shi ne ƙasar nan ba a bar ta a baya ba, mu ne 'yan zango muka bar kanmu. A 2017 matasan jami'ar All Nations ta Koforidua suka ƙera GhanaSat-1 tare da wata jami'a ta Japan, ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai nauyin kilo ɗaya, aka kai shi wannan tashar dai da muke cewa maita ce, daga cikinta aka sako shi a watan Yuli, tare da na Najeriya da jami'ar fasaha ta Akure ta yi. A shekarar dai aka ƙaddamar da babban faranti mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Accra don sauraren sararin samaniya. Ga Dakta Ashitey Trebi-Ollennu ɗan Gana da ke aiki da NASA akan na'urorin da ake turawa duniyar Mars. Ina yaranmu a cikin wannan sahu? Kuma kada wani ya ce abin ya saɓa wa addini, kakanninmu da taurari suke gane shigowar damina da alƙibla, sun san Gamzaki sun san Kaza da 'ya'yanta, har gobe kuma da duban wata muke ɗaukar azumi mu sauke. Musulmi sun zauna a tashar nan, Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je a 2007 cikin watan Ramadan har malaman ƙasarsu suka rubuta masa bayanin yadda zai yi sallah a inda rana ke fitowa sau 16 a wuni, Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ya yi wata shida a 2023.

Don haka roƙona gare ku Malam Edita, ɗan gurbi kaɗan kusa da jadawalin lokutan sallah, ku riƙa sa ranar da tashar za ta wuce ta Kumasi da Accra da Tamale, ƙarfe nawa, daga wace kusurwa zuwa wace. Bayanin kyauta ne a shafin intanet na Heavens-Above da manhajar Spot the Station, sai dai a ɗauko na kwanaki kaɗan masu zuwa don lokutan na ɗan sauyawa in an ɗaga tashar sama. Da yawa cikin iyayenmu ba za su buɗe manhajar Turanci ba amma in sun gani da Hausa, ko an karanta musu, za su fito ƙofar gida su duba, kuma mutumin da aka ce masa ƙarfe 6:50 haske zai fito ta yamma ya kuma ga ya fito a kan minti ba zai ƙara cewa mayu ba ne.

Sannan ina kira ga sarakunan zango da masu makarantun Islamiyya da 'yan kasuwarmu na Alabar da Allah ya hore wa, madubi guda ɗaya ya ishi makarantu da yawa in aka samu malami mai amana ya riƙe, ana yawo da shi unguwa-unguwa, yara su ga ramukan wata da zoben duniyar Saturn sannan su gwada bin tashar da hannunsu. A yi da wuri dan Allah, don hukumomin da ke da ita sun tsara aikinta zai ƙare wajen 2030, har NASA ta ba kamfanin SpaceX kwangila a 2024 ya ƙera kumbon da zai janyo ta ta faɗa teku. Ni da ɗan yayata a shirye muke mu riƙa haɗa muku lokutan Kumasi duk mako muna turowa ba ko sisi, kuma duk makarantar da ke so mu kawo madubin ta sanar ta hannunku.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karanta jaridarku kullum,
daga Aboabo, Kumasi