Kafin A Yanke Wa Mutanen Gari Hukuncin Rowa Da Gwajin Kuɗi

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu ja hankalin ɗalibai da ƙungiyoyin da ke son auna halin kyauta na jama'a ta hanyar gwajin da masana tattalin arziki ke yi, domin gwaji ne mai sauƙin shiryawa, amma ɗan kuskure kaɗan yana lalata shi.

Ga yadda yake. A damƙa wa mutum kuɗi, a ce masa akwai wani da bai sani ba, kuma ba za su taɓa haɗuwa ba, ya ba shi abin da ya ga dama, ya riƙe sauran. Christoph Engel ya tattara sakamakon bincike fiye da ɗari na irin wannan a 2011, ya samu cewa a matsakaici mutane na bayar da kashi 28 cikin ɗari, kuma fiye da ɗaya bisa uku ba sa bayar da ko sisi.

Sai dai wannan adadi yana hawa da sauka gwargwadon yadda aka shirya ɗakin. A 1994 Elizabeth Hoffman da Vernon Smith da abokan aikinsu a Amurka suka sa takardun dala ɗaiɗai guda goma da farar takarda guda goma a kowace ambulan, suka kuma cakuɗa wasu ambulan da babu kuɗi ko kaɗan a ciki, ta yadda ko mai binciken ba zai iya sanin wa ya bayar da me ba. Nan take kusan biyu bisa uku suka riƙe kuɗin gaba ɗaya. A 2002 Todd Cherry da abokansa suka ƙara sharaɗi ɗaya: sai mutum ya yi jarrabawa ya samu kuɗin da guminsa. Da aka haɗa wannan da ɓoye suna, fiye da tara cikin goma ba su ba da komai ba. Abin da aka ɗauka zallar kirki ne, ashe wani ɓangarensa kunyar idon mai bincike ne, wani kuma sauƙin rabuwa da kuɗin da ya faɗo daga sama.

Al'ada ma tana shiga ciki. Akwai wani gwajin da Werner Güth ya fara a Jamus a 1982, inda mai karɓa ke da ikon ƙin tayin, in ya ƙi kowa ya tashi a tutar babu. Joseph Henrich da tawagarsa sun kai shi ga ƙananan al'ummomi 15, aka buga sakamakon a 2001. Mutanen Machiguenga na Peru sun miƙa kusan kashi 26, masunta kifin whale na Lamalera a Indonesiya kuwa kusan kashi 58. A Papua New Guinea wasu har ƙin tayin da ya wuce rabi suka yi, domin a wurinsu babbar kyauta bashi ce da ke ɗaure wuyan mai karɓa.

Don haka duk wanda zai gwada wannan a garuruwanmu, ya kula da waɗannan. Kuɗin ya kai kimanin ladan yini ɗaya na leburanci a wurin, a canza shi zuwa takardu goma iri ɗaya, a haɗa da farar takarda goma da aka yanka daidai girmansu, don kauri kada ya tona asirin ambulan. A ware ɗaki ko labule da akwati mai rami, mutum ya shiga shi kaɗai. A karanta wa kowa bayani iri ɗaya daga rubutacciyar takarda, kuma kada kalmar sadaka ko taimako ta fito a ciki. Da zarar ta fito, an koma auna tsoron Allah da kunya, an bar tambayar farko. A yi wa kowa tambayoyin gwaji biyu ko uku da misalin kuɗi a hannu kafin a fara. Waɗanda suka gama kada su koma cikin masu jira, domin kafin mutum na biyar ya shiga, labarin "rabi ake bayarwa" ya riga ya zaga layi. Mai unguwa ko limami ya yi gabatarwa ya tafi, bai kamata ya tsaya a ƙofa ba.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne biyan kuɗi. Pamela Jakiela da Owen Ozier sun nuna a ƙauyukan Kenya cewa mata da dama sun yarda su yi asarar wani ɓangare na ribarsu don a ɓoye abin da suka samu, musamman idan danginsu na wurin. Matar da ta san za a tare ta a bakin ƙofa ta riga ta cire rabon dangi a ranta kafin ta buɗe ambulan. A biya kowa shi kaɗai, cikin ambulan a rufe, ya fita ta wata ƙofar daban.

Wasu malaman nazarin tattalin arziki