Mun biya bashin, amma raina bai huce ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu. Masu ba da shawara kan kuɗin iyali kullum suna koya mana yadda za a fita daga bashi, amma ba su cika taɓo ɓacin ran da yake bari tsakanin miji da mata ba.

Maigidana ya ci bashi ba da sanina ba. Ya karɓi rance a banki ana cira daga albashinsa, ya ƙara da na manhajojin waya, ya zuba duka a wata harka da aka yi masa alkawarin za ta ninka kuɗinsa. Harkar ta rushe. Ni ban ji labari ba sai da masu bin bashin suka fara kirana, domin irin waɗannan manhajoji suna kwashe lambobin da ke cikin wayar mai rance.

Muka zauna muka rubuta kowane bashi da kuɗin ruwansa. Ɗaya daga ciki kashi 5 cikin 100 ne a wata. A baki ba shi da yawa, amma idan ruwan yana hawa kan ruwa, a shekara ya kusa kashi 80. Shi muka fara kashewa, sauran muna ba su mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Akwai masu cewa a fara da ƙaramin bashi don a samu ƙarfin gwiwa, mu dai mafi tsada muka tunkara. Na sayar da sarƙata da keken ɗinkina, na ajiye karatun da na fara, muka canza wa yara makaranta. Alhamdulillahi, yau ba wanda yake bin mu ko sisi.

Amma har yanzu idan ya shigo da sabon abu a hannu, ko da ƙarami ne, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Idan wayarsa ta yi ƙara da dare, gabana yana faɗuwa. 'Yan uwa suna cewa, "Ki yi haƙuri, bashi hanji ne, yana cikin kowa." Haƙuri kam na yi, kuma asarar ba ita ke ci mini rai ba, kowa yana iya yin asara. Abin da ke damuna shi ne shi kaɗai ya yanke shawara, mu duka muka biya. Da na ɗago maganar sai ya ce, "Ai don ku na yi." Na yarda don mu ya yi, ban taɓa zarginsa da mugun nufi ba. To me ya hana a tambaye ni, tunda ni ma zan ɗauki nauyin?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, ta ce a rubuta shi a kafa shaidu. Al'amarin da aka ba wannan muhimmanci bai kamata matar gida ta zama ta ƙarshen jinsa ba. Haka ma matar da ke cin bashi a ɓoye wa mijinta, domin akwai su.

Yanzu mun yi yarjejeniya: ba mai sa hannu a takardar rance sai ɗaya ya gani, kuma duk ƙarshen wata muna duba abin da ya shigo da abin da ya fita tare. Yana cika alkawarin, ina kuma yaba masa. Abin da nake jira shi ne ya buɗe baki ya ce, "Na ɓoye miki, ban kyauta ba, ki yafe mini." A wajensa biyan kuɗin ya wadatar, ni kuwa bai wadatar da ni ba.

Ina roƙonka, Edita, ka gayyato malamai da masu sasanta ma'aurata su yi mana rubutu a kan wannan, kuma su yi wa magidanta magana kai tsaye.

Taku,
Wata mai karanta jaridarku